Ra'ayi: Tseren ƙananan motocin lantarki: A kafa doka kafin kaka, kada aljihu ya ƙwace kofi

Duk ƙarshen shekara, a ɗakunan taro na unguwanni da ƙauyukan Ingila, Sifen, Jamus, Italiya da Amurka, manyan mutane, wasunsu har da furfura, sukan zauna su raba dare suna musu a kan tayar da ba ta kai girman kwabo ba. Wace irin roba za a yarda da ita? Injin wane kamfani? A bar maganaɗisu a cikin mota ko a cire? Tsere nawa za a yi kafin a ba da kofi?

Waɗannan su ne 'yan ƙungiyoyin tseren ƙananan motocin lantarki masu bin tsaga, waɗanda ake kira motocin silot. Mai karatu na iya yin dariya, ya ce wasan yara ne. Sai dai abin da ake yankewa a wannan zama shi ne ke nuna ko ƙungiyar za ta ga baɗi da mutum talatin, ko kuwa za ta ƙare da mutum huɗu suna kallon juna a ɗakin da ba su iya biyan hayarsa.

Matsayinmu a kan wannan muhawara a fili yake. A rubuta jadawali da dokokin mota tun kafin a fara kakar wasa, a rubuta su domin kare sabon shiga da mai ƙaramin ƙarfi, sannan kada a taɓa su sai kaka ta ƙare.

Yadda wasan yake

Motar silot ƙaramin kwafi ce ta motar tsere ta gaske. Girman da ƙungiyoyin Turai suka fi amfani da shi shi ne 1:32, wato motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi sai ta dawo kimanin santimita 14. Akwai kuma 1:24 da ta fi girma, da wasu ƙanana ƙwarai da Amurkawa suka fi so.

A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe na roba da ke shiga cikin tsagar da aka yi a kan hanya. Gefe da gefen tsagar akwai ƙarfe ko wayar tagulla mai ɗauke da wuta, sai wasu saƙaƙƙun wayoyi biyu a jikin motar su riƙa gogar su, suna kai wutar ga ɗan injin da ke ciki. Direba yana tsaye a gefe riƙe da makunni mai kunama irin ta bindiga. Ya matsa, mota ta ƙara gudu. Ya saki, ta ja birki.

Babu sitiyari. Gwaninta duka tana ga yatsa: sanin inda za a saki kafin kwana da inda za a matsa bayan an fita. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, harshen motarsa zai fice daga tsaga, ta yi waje, sai ya jira mai tsaron kwana ya mayar masa da ita alhali abokan karawa suna wucewa.

Wasan ya daɗe. Kamfanin Lionel na Amurka ya fitar da irin waɗannan motoci tun 1912. A 1957 ne wani Baturen Ingila mai suna Fred Francis ya fito da Scalextric, sunan da har yau ya fi kowanne shahara a Birtaniya, wanda daga baya ya shiga hannun kamfanin Hornby. Carrera ta biyo baya a Jamus a 1963. Daga baya kamfanonin Italiya irin su Slot.it da NSR suka shigo da motoci da kayan gyara da aka ƙera musamman domin gasa.

Darasin da Amurka ta bari

Duk wanda zai zauna rubuta doka, ya kamata ya fara tuna abin da ya faru a Amurka a tsakiyar shekarun 1960. A lokacin wasan ya zama ruwan dare. An ƙiyasta cewa wuraren tsere na kuɗi sun kai kimanin 3,000 a faɗin ƙasar, inda yaro zai shiga da motar da ya saya a kanti, ya biya kuɗin layi, ya yi wasa.

Cikin 'yan shekaru kaɗan sai gasa ta koma hannun ƙwararru. Suka fara kwance injina suna sake naɗa musu waya, suna ƙera shasi da hannu daga tagulla da wayar ƙarfe, kamfanoni kuma suka ɗauki nauyin gwanayen direbobi. Motar da ta yi fice a wannan wata sai ta zama tsohon yayi a wata mai zuwa. Yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi mota a kwali ya ga ana zagaye shi sau biyu, sau uku, a tsere ɗaya. Ya koma gida, bai sake dawowa ba. Kafin a shiga shekarun 1970, mafi yawan wuraren sun rufe.

Gaskiya ne tsadar kayan gasa ba ita kaɗai ta jawo rugujewar ba. Akwai kuɗin hayar manyan ɗakuna, akwai kuma halin yayi da ke zuwa ya wuce. Amma darasin yana nan daram: ranar da sabon shiga ya gane cewa ba yatsarsa ce ta kayar da shi ba, aljihun wani ne, ranar ƙungiya ta rasa shi.

Abubuwa huɗu da doka za ta kama

Na farko shi ne inji. Injin da aka saba sanyawa a motar Scalextric yana juyi kimanin dubu 18 a minti. A kasuwa kuwa akwai masu dubu 25 da masu dubu 30. Idan doka ta ce kawai “a zo da motar GT”, ta buɗe ƙofa ga duk mai iya saye. Doka mai ma'ana za ta ambaci sunan injin ko iyakar juyinsa, ta hana buɗe shi, ta kuma faɗi ƙarfin wutar da za a ba hanya, misali bolt 12, domin kowa ya saita motarsa a kan abu ɗaya.

Na biyu shi ne taya, kuma a nan rigima ta fi yawa. Akwai ta roba, akwai ta yuretin, akwai ta silikon. Tayar roba tana barin ɗan shafe a kan hanya wanda ke ƙara kama ƙasa yayin da ake ci gaba da tsere, ita kuwa ta silikon tana son hanya tsaf, kuma tana kwashe wancan shafen. Ke nan mutum ɗaya da ya zo da silikon zai iya ɓata wa sauran layin. Dole ƙungiya ta zaɓi iri ɗaya. Ta kuma yi bayani ƙarara: an yarda a manne taya da gam a goge ta ta daidaita? An yarda a shafa mata mai ko wani sinadari mai tausasa roba? Mu dai muna ganin a yarda da gogewa, domin aikin hannu ne da kowa zai iya koya, a hana shafe-shafen da ba a iya tantancewa.

Na uku shi ne maganaɗisu. Yawancin motocin kanti suna zuwa da shi a ciki, yana jan ƙarfen hanya, ya manne mota da ƙasa. Yana sauƙaƙa wa sabon shiga, amma idan ba a yi masa iyaka ba, gasa takan koma ta wanda ya fi cusa maganaɗisu, mota ta riƙa gudun da ido ba ya bi, in ta fita kuma ta fashe. Ƙungiyoyi da yawa sun cire shi gaba ɗaya, sun yarda a sa 'yar darma a shasi don daidaita nauyi. Wasu kuma suna auna ƙarfin jansa da sikeli na musamman. Kowanne aka zaɓa, a rubuta adadi. Kalmar “daidai gwargwado” ba ta da wuri a takardar doka.

Na huɗu shi ne awo: mafi ƙarancin nauyin mota, nauyin bodi, iyakar faɗi, tazarar da ke tsakanin shasi da hanya, da giyar da aka yarda da ita. Duk abin da ba za a iya aunawa a teburin bincike cikin minti biyu ba, gara a bar shi, domin dokar da ba a iya tabbatarwa mai gaskiya kaɗai take ɗaurewa.

A saman duka a sa jimla ɗaya da tsofaffin ƙungiyoyi suka daɗe da sanin amfaninta: duk abin da doka ba ta ce an yarda da shi ba, an hana shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu ƙorafi suna da hujja

Akwai masu cewa tsaurara doka yana kashe rabin daɗin wasan. A wurinsu, zaman dare a kan tebur ana gwada giya, ana matsar da darma milimita ɗaya gaba ko baya, shi ne wasan. Tseren kansa jarrabawa ce kawai. Wannan magana ce mai nauyi, kuma da irin waɗannan mutane ne wasan ya ci gaba. Motoci masu fiffike da ke zagaye shahararriyar hanyar nan ta King, mai tsawon ƙafa 155 da layi takwas, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, aikin masu irin wannan naci ne.

Akwai kuma ƙorafi na biyu da ya fi wannan kaifi. Ko an ce kowa ya yi amfani da mota yadda ta fito daga kwali, injina biyu daga masana'anta ɗaya ba sa zama daidai. Mai kuɗi zai sayi goma, ya gwada, ya zaɓi mafi gudu. Doka ta ce an daidaita, alhali aljihu ya sake shigowa ta taga.

Duka biyun suna da magani, kuma ba sabo ba ne. Ga masu son ƙirƙira, a ware musu aji guda na “kowa ya zo da abin da ya iya”, da kofinsa daban, kada makinsa ya shiga lissafin gwarzon ƙungiya. Ga matsalar injina goma kuwa, ƙungiya ta sayi injina da tayoyi da kuɗin asusu, ta yi musu lamba, a raba ta hanyar ƙuri'a a ranar tsere, a karɓe bayan an gama. Manyan gasanni da dama haka suke yi.

Akwai ma tsarin da ya fi wannan. Ƙungiya ta mallaki motoci iri ɗaya, kowace mota ta zauna a layinta, direbobi ne ke zagayawa. 'Yan wasan sun ari sunan wannan tsari daga gasar IROC ta Amurka, wadda aka fara a 1973 da motocin Porsche iri ɗaya domin a ga wane direba ya fi, kuma Mark Donohue ne ya fara lashe ta. Ƙungiyar da ta sa irin wannan dare sau ɗaya a wata ta buɗe ƙofa ga wanda bai mallaki ko mota ɗaya ba.

Jadawali ma doka ne

Sau da yawa akan ɓata lokaci a kan inji da taya, a manta cewa jadawali ma yana iya korar mutum. A ɗauka ƙungiya tana haɗuwa sau ɗaya a mako, makonni 40 a shekara. Idan tana da aji huɗu, kowane aji zai samu dare goma, kuma mota huɗu ta ishi mutum ya yi kaka cikakkiya. Idan aka biye wa son ran kowa aka yi aji goma, kowace mota sau huɗu kacal za ta taɓa hanya, kuma sai mai mota goma ne zai iya neman kofi. Aji uku ko huɗu sun wadatar, ɗaya daga ciki ya zama na motar kanti mai araha da ake samu cikin sauƙi.

A fitar da ranakun tun farko, a kauce wa lokutan hutun makaranta da bukukuwa, a bar dare ɗaya ko biyu babu maki domin gyaran hanya da koyar da sababbi. Idan za a shigo da sabon aji, a sanar wata uku ko fiye kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A daren tsere kuma, kowane direba ya bi kowane layi na tsawon lokaci ɗaya, misali minti uku-uku, a tara zagayen da ya yi, domin layin ciki da na waje ba ɗaya ba ne. Wanda ya gama tuƙi ya tafi tsaron kwana, ba tare da togiya ba. Gwanin da ke zaune yana goge tayarsa yayin da sababbi ke tsince masa mota yana koya wa ƙungiya mugun hali.

Batun zubar da maki

'Yan ƙungiya ma'aikata ne, masu iyali ne. Wani zai yi rashin lafiya, wani zai yi tafiya. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke lissafa sakamako mafi kyau kawai, misali takwas cikin goma. Muna goyon bayan haka, amma da hattara, domin tsarin yana iya sauya wanda zai ɗauki kofi.

Gasar Formula One ta 1988 ta isa misali. A shekarar, sakamako 11 mafi kyau cikin tsere 16 ake lissafawa. Alain Prost ya tara maki 105, Ayrton Senna ya tara 94. Da aka zubar da ragowar, Senna ya tashi da 90, Prost da 87, kofi ya tafi ga Senna. Har yau masoya suna musu a kai, kuma daga 1991 aka koma lissafa kowane tsere. Sai dai babu wanda zai ce an yi maguɗi, saboda dukansu sun san dokar tun kafin a tayar da inji a tseren farko.

Don haka a zubar da kaɗan, ɗaya ko biyu cikin goma, a rubuta tun farko, a kuma rubuta yadda za a raba gardama idan maki ya zo daidai. Kada kuma tazarar maki tsakanin na ɗaya da na biyu ta yi faɗin da kaka za ta mutu tun a tsakiyarta. Ƙaramin kofi na sababbin shiga, ko na wanda ya fi kowa samun ci gaba, yana riƙe mutanen da ba za su taɓa doke gwarzo ba.

Idan wani ya gano ɓaraka fa?

Komai kyawun doka, wani mai wayo zai gano inda ta yi sako-sako. A 1978 ƙungiyar Brabham ta zo gasar Suwidin da motar da Gordon Murray ya ƙera, mai ƙatuwar fanka a baya. Suka ce don sanyaya inji ce, alhali tana zuƙe iskar ƙarƙashin mota tana manne ta da ƙasa. Niki Lauda ya ci tseren da ita. Sauran ƙungiyoyi suka yi ca, aka janye motar bayan wannan tsere ɗaya, amma nasarar ta zauna.

Haka ya kamata ƙaramar ƙungiya ta yi. Wanda ya ci bisa dokar da ke rubuce, a bar masa makinsa. Idan ɓarakar tana lalata hanya ko motocin wasu, ko za ta tilasta wa kowa kashe kuɗi nan take, kwamiti ya toshe ta daga tsere na gaba, da sanarwa a rubuce. In ba haka ba, a jira taron shekara. Sauya doka a tsakiyar kaka domin wane yana cin kowa, ko domin wane ya daina ci, shi ne mafi saurin hanyar raba kan ƙungiya.

Wa zai rubuta, wa zai bincika?

Nan ne gizo ke saƙa. A mafi yawan ƙungiyoyi, wanda ya fi kowa sanin mota shi ne wanda ya fi kowa ci, kuma shi ake miƙa wa alƙalami. Ko da zuciyarsa fari ce tas, dokar da zai rubuta za ta yi kama da akwatin kayansa. A nemi shawararsa, amma a sa mutum uku a kwamiti, ciki har da wanda bai wuce shekara biyu da shiga ba, sannan dukan 'yan ƙungiya su kaɗa ƙuri'a.

Mai binciken mota kada ya binciki tasa. Bayan bincike, a ajiye motoci a tebur ɗaya da ba mai taɓawa sai an kira tsere. Motoci ukun farko a sake duba su bayan an gama, kowane dare, ko na waye, domin kada bincike ya zama zargi. Takardar dokar kanta kada ta wuce shafi ɗaya ga kowane aji, a manna ta a bango, a tura wa kowa a waya. Ƙungiyoyin ƙasa irin su BSCRA a Birtaniya, da ISRA mai shirya gasar duniya, suna da dokokin da aka daɗe ana gogewa. Ƙaramar ƙungiya na iya aro daga can maimakon fara komai daga tushe, kuma hakan zai sa motar ɗan ƙungiya ta shiga gasar wani gari ba tare da an sake mata komai ba.

Ko Formula One, inda kuɗi ke magana fiye da ko'ina, sai da ta kafa iyakar kashe kuɗi ta Dala miliyan 145 ga kowace ƙungiya a 2021, bayan ta ga cewa ƙungiyoyi biyu ko uku ne kawai ke iya ci. Idan masu biliyoyi sun yarda a ɗaure musu hannu domin gasa ta rayu, ƙungiyar mutum ashirin da ke hayar ɗakin taro ba ta da uzuri.

Muna kira ga shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi, kafin su sa hannu a kan dokokin kaka mai zuwa, su gwada su da tambaya ɗaya. A ce yarinya 'yar shekara 13 ta shigo da mahaifinta, riƙe da mota ɗaya da aka saya mata a kanti. Akwai ajin da za ta shiga a daren? Idan ta yi wata shida tana koyo, yatsarta za ta iya kai ta tsakiyar jeri ba tare da an sake buɗe jaka ba? Idan amsar e ce, a buga takarda a manna. Idan a'a ce, a koma teburi tun kaka ba ta fara ba.